Lanƙwasar Gamma: Nasiha Ga Matasan Azuba Masu Riƙe Da Kyamara

Ƙannena, samari da 'yan matan Azuba da kewayen Lafiya, musamman ku da kuka ɗauki kyamara ko waya kuka mai da ita hanyar neman abinci.

A yau da wuya a yi ɗaurin aure, ko suna, ko saukar karatu, ko taron coci a garuruwan da ke bakin hanyar nan ta Akwanga, ba a ga ɗayanku yana kai-kawo da kyamara a hannu ba. Wasunku na ɗaukar barkwanci su sa a TikTok, wasu na harhaɗa shiri mai dogon zango don YouTube, wasu kuwa burinsu wata rana a ga sunansu a ƙarshen fim irin na Kano ko na Jos. Ina farin ciki da wannan, domin sana'a ce ta halal, kuma ku ne masu ajiye mana tarihin gidajenmu. Sai dai akwai ƙorafin da nake yawan ji daga bakin waɗanda kuke yi wa aiki. An ɗauki ango, rigarsa ta fito fara sol har ba a ganin aikin da aka yi mata a wuya, fuskarsa kuwa ta yi baƙi ƙirin, sai haƙora da fararen ido. Ko kuma hoto ya yi kyau a kwamfutar mai tacewa, yana isa wayar uwar amarya sai ya koma fari-fari, dishi-dishi. In aka tambayi mai ɗauka, amsarsa ɗaya ce: kyamarar ce ƙarama, da zai samu babba da an ga aiki.

Ni kuwa abin da nake so in gaya muku shi ne, galibin wannan matsala rashin sani ne ya kawo ta, kuma sanin ba ya cin ko kwabo. Tsakanin hasken da ya shiga kyamara da hasken da ya fito daga allon talabijin ko na waya akwai wata yarjejeniya, sunanta gamma. Wanda ya fahimce ta zai fitar da aiki mai kyau da tsohuwar kyamara. Wanda bai fahimce ta ba, ko ya sayar da gona ya sayi ta miliyan biyar, fuskokin mutane za su ci gaba da nutsewa a hannunsa. Don haka ku ba ni aron hankalinku.

Mu fara da idon da Allah Ya ba mu. Da daddare in an ɗauke wuta, kunna kyandir ɗaya a ɗaki. Nan take ɗakin ya sauya, ka ga ƙofa, ka ga fuskar na kusa da kai. Kunna na biyu, za ka ga ƙari sosai. To, a ce kyandir goma ke ci, ka kunna na sha ɗaya: da ƙyar za ka lura an ƙara wani abu, alhali hasken da ya kawo daidai yake da wanda na farko ya kawo. Ido yana auna ƙarin haske ne gwargwadon wanda ya tarar. A cikin duhu ɗan bambanci kaɗan yakan kama shi, a cikin haske mai yawa sai babban bambanci. Wasu masana biyu a birnin Leipzig na Jamus, Ernst Weber da Gustav Fechner, su suka tsara wannan a ƙarni na 19, Fechner ya fitar da littafinsa a kai a 1860. Ga wani sakamakonsa da kowane mai kyamara ya kamata ya haddace: launin tokar da ido ke gani a matsayin tsakiya tsakanin baƙi da fari, kashi 18 cikin 100 kacal yake mayarwa na hasken da ya sauka a kansa. Shi ya sa ake sayar wa masu ɗaukar hoto wani kati mai launin toka da ake kira katin kashi 18.

Sansar kyamara, wato ɗan farantin nan da ke karɓar haske a bayan gilashi, ita ba ta san wannan ba. Ƙirga take yi tsakani da Allah: haske ya ninka, lamba ta ninka. Yawancin wayoyi da ƙananan kyamarori suna ajiye bidiyo a ma'aunin bit 8, ma'ana matakai 256 ne kawai daga baƙi zuwa fari. A ce an rubuta ƙirgar sansa yadda take. Rabin sama na hasken, inda farar riga da sararin sama suke, zai cinye matakai 128. Ninkin da ke ƙasa da shi ya samu 64, na gaba 32, sai 16, sai 8, sai 4. Kun ga an yi rabon da bai dace ba. Wurin da ido bai damu da shi ba ya kwashe rabin dukiyar, inuwa kuma, inda ido ya fi kaifi, inda fuskar kakarku ke zaune a zaure, an bar ta da matakai takwas ko huɗu. Hoton zai fito da duhu mai tsalle-tsalle, babu laushi.

Maganin da aka samo shi ne kyamara ta lanƙwasa ƙirgar kafin ta ajiye. Ta ɗaga wuraren duhu su samu matakai masu yawa, ta matse wuraren haske. A ƙa'idar bidiyo ta yau da kullum, tokar nan mai kashi 18 ana rubuta ta a kimanin kashi 41. Da hoton ya isa allo, sai allo ya yi akasin haka, ya mai da kowane haske mazauninsa. Kamar tabarma ce: kyamara ta naɗe ta don ta shiga mota, allo ya shimfiɗa ta a inda za a zauna. In mai shimfiɗawa bai san yadda aka naɗe ba, ko dai ta tsaya a tanƙware, ko a karya ta.

Lambar gamma ita ce ke faɗin tsananin wannan lanƙwasa, kuma lissafinta bai kai yadda ake tsoronsa ba. A ɗauki baƙi a matsayin sifiri, fari a matsayin ɗaya. A aika wa allo saƙon rabi. In gammarsa 1 ce, rabin haske zai bayar. In 2 ce, rabi sau rabi ke nan, wato kwata. A gamma 2.2 zai bayar da kashi 22, a 2.4 kuma kashi 19. Ku lura, baƙi yana nan a baƙinsa, fari yana nan a farinsa, abin da ke tsakani ne ke motsi, kuma a tsakanin nan fatar mutum take. Kyamara kuwa tana aiki da 0.45, wanda shi ne ɗaya a raba da 2.2. Ke nan duk lokacin da kuka ji an ce gamma, ku tambaya: ta kyamara ake nufi ko ta allo, kuma shin sun dace da juna?

Abin yana da tarihi, kuma tarihin ya biyo ta ƙofar gidanmu. A 1890 wasu masana biyu a Ingila, Ferdinand Hurter da Vero Driffield, suka zana yadda fim ɗin ɗaukar hoto ke yin duhu gwargwadon hasken da ya taɓa shi, gangaren wannan zane shi aka laƙaba wa gamma. Da talabijin ta zo, irin mai ƙusumbin nan da iyayenku suka sani, sai aka tarar kwalbarta ba ta bayar da haske daidai da ƙarfin lantarkin da aka tura mata, tana bin lanƙwasa mai kusan 2.4. Injiniyoyi suka ga ya fi sauƙi a yi gyaran sau ɗaya a kyamarar gidan talabijin, da a ce sai an sa shi a cikin miliyoyin akwatunan da ke gidajen mutane. Tsarin talabijin mai kala da Amurka ta amince da shi a 1953 a kan haka aka gina shi. Abin mamaki, lanƙwasar kwalbar nan ta zo kusan daidai da akasin yadda ido ke ji da haske, sai gyaran ya zama riba biyu. Wani injiniya ɗan ƙasar Kanada, Charles Poynton, ya daɗe yana jan hankalin masu sana'a kan cewa ko da kwalbar ba ta da wannan hali, da sai an ƙirƙiro gamma saboda ido.

Da wannan tsari na yin gyaran a kyamara talabijin ta fara a Ibadan a 1959, ta iso Kaduna a 1962. A tsakiyar shekarun 1970 tashar Jos ta zama ta farko da ta watsa hoto mai kala a Nijeriya, a lokacin Lafiya tana ƙarƙashin Jos, kafin a ba mu Jihar Nasarawa a 1996. A 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fitar da fim ɗin Turmin Danya a kaset, aka buɗe ƙofar fim ɗin Hausa na bidiyo. A wannan shekarar ce kuma hukumar sadarwa ta duniya da ke Geneva ta amince da ƙa'idar da ake kira Rec. 709, wadda har gobe ita ce gidan da yawancin bidiyonku ke kwana. Yanzu mai ƙusumbi ta kau, filasma da waya sun maye gurbinta. Waɗannan sababbin alluna ba su da halin tsohuwar kwalba, da gangan aka sa musu lissafin da ke kwaikwayonta, don duk hotunan duniya an riga an naɗe su da wancan salon. A 2011 aka rubuta ƙa'idar BT.1886 wadda ta tsayar da 2.4 ga allon tace bidiyo.

To me ya sa ake jin lambobi daban-daban? Saboda ido yana sauyawa da muhallin da yake kallo a ciki. In kewayen allo duhu ne, hoto yakan yi wa ido laushi, sai an ƙara masa ƙarfi. Don haka sinima, inda ake kashe fitilu gaba ɗaya, take aiki da 2.6. Talabijin ta falo mai ɗan haske 2.4. Kwamfuta da waya da intanet suna bin kimanin 2.2, bisa tsarin sRGB da kamfanonin HP da Microsoft suka fitar a 1996. Kwamfutocin Apple sun daɗe a kan 1.8, sai a 2009 suka koma 2.2, kafin nan hoto ɗaya yakan yi haske a kwamfutar Apple ya yi duhu a ta wani kamfani.

Nasihata ta farko daga nan ta fito: ku san inda kuke tacewa, ku san inda za a kalla. Da yawanku da tsakar dare kuke aiki, lokacin da aka kawo wuta, a ɗaki mai duhu, an ƙure hasken laftof. A wannan hali kowace inuwa a buɗe take, kowace fuska a bayyane. Gobe da hantsi mai aikin zai kalla a wayarsa a gindin mangwaro, rana na dukan gilashin, ya ga duhu kawai. Ku rage hasken allonku zuwa matsakaici, ku bar shi a nan kada ku riƙa taɓawa. Ku sa ɗan haske a bayan allon, kada taga ta haska shi kai tsaye. In da talabijin kuke duba aiki, ku fitar da ita daga saitin shago mai tsananin haske da kaifin launi, ku sa ta a saitin sinima. Sannan ku koyi karanta ma'aunin haske mai zane, wanda ake kira webfom, da ke cikin manhajojin tacewa irin su Premiere da DaVinci Resolve. Ƙasansa sifiri, samansa ɗari. Ido yana gajiya kuma yana sabawa da kuskure, ma'auni ba ya sabawa.

Nasiha ta biyu ita ce ta fi damuna, domin ta shafi fatarmu. Tun daga shekarun 1950 kamfanin Kodak ya riƙa aika wa masu wanke hoto wani kati mai hoton mace farar fata, ana ce masa katin Shirley, da shi suke daidaita injinansu. Sai a tsakiyar shekarun 1990 aka fito da wanda ya haɗa mata masu launin fata daban-daban. Wata malamar jami'a a Kanada, Lorna Roth, da ta bi diddigin lamarin, ta nuna cewa koken masu sayar da kayan katako da masu cakulan, waɗanda kayansu masu launin ƙasa ba sa fitowa da kyau a talla, yana cikin abin da ya sa aka gyara fim ɗin. Wannan gado bai ƙare ba. Har yanzu za ku ji masu koyarwa a intanet suna cewa a sa zebura, layukan nan da ke rawa a kan allon kyamara don nuna matakin haske, a kan 70, a buɗe kyamara har su bayyana a fuska. Wannan lamba ta farar fata ce. In ka kai fuskar ɗan Azuba 70, ka ƙona rigarsa, ka kuma mai da fatarsa toka-toka. Fatar yawancinmu tana kusa da katin kashi 18 ko ƙasa da shi, don haka a Rec. 709 mazauninta yana wajajen 40, gwargwadon hasken mutum. Wankan tarwaɗa yana sama, baƙi mai sheƙi yana ƙasa. Gwaji ne zai nuna maka na kowa.

Bari mu tsaya a wurin ɗaurin aure ɗaya mu duba da kyau. Ƙarfe biyu na rana, watan Maris, zafin Lafiya ya kai inda ya kai. An kafa rumfa a ƙofar gida. Ango yana zaune a bakinta cikin farar shadda, inuwar ta rufe kansa da kafaɗarsa, rana kuwa ta sauka a kan cinyarsa da hannun rigar. A bayansa fili ne fetal, da farar mota, da sararin sama. Farin yadi yana mayar da kusan duk hasken da ya same shi, fuskar tana mayar da kamar kashi ɗaya cikin bakwai ko takwas na wannan. Inuwar rumfa kuma, a ƙiyasi, ta gaza rana da kamar sau takwas. In ka haɗa, rigar da ke rana ta fi fuskar haske sau sittin ko fiye, wato ninki shida. Lanƙwasar yau da kullum kimanin ninki shida ko bakwai take ɗauka cikin natsuwa, ke nan riga tana can ƙololuwa, fuska tana can ƙasa kusa da baƙi. In kuma ka bar kyamara ta zaɓa da kanta, ita ƙoƙarinta ta mai da jimillar abin da ta gani tokar nan ta tsakiya. Tana ganin farin yadi da farar mota sai ta tsuke, fuskar ta ƙara nutsewa.

Gyaran farko a filin ake yin sa, kafin a taɓa kowane maɓalli. Cikin ladabi ka roƙi ango ya ɗan matsa ciki, jikinsa duka ya shiga inuwa. Kai ma ka zagaya, yadda bango ko jama'ar da ke cikin rumfa za su zama bayansa. Ka ba yaronka farin kwali babba, ya tsaya a rana ya karkato shi, hasken ya dawo kan fuskar. Za ka ga kumatu da goshi sun ɗauki sheƙi, siffar fuska ta fito, domin baƙar fata da sheƙin da take mayarwa take bayyana kyanta. Da wannan kaɗai tazarar ta sauko daga ninki shida zuwa uku ko ƙasa da haka. Sai ka kashe zaɓin kai-da-kai, ka auna da fuska, ka sa zebura a 95 ko 100 ta tsare maka rigar: da layuka sun fara rawa a kan aikin wuya, ka rage kaɗan. In kyamararka tana da saitin gwiwa, wanda ke tanƙwara saman lanƙwasa don ya ƙara ɗaukar fari, ka yi amfani da shi. In tana da gammar baƙi, wadda ke buɗe inuwa, ka ɗaga ta kaɗan. In waya ce a hannunka, ka danna fuskar ka riƙe har ta kulle, sannan ka ja alamar rana sama ko ƙasa. Hotunan ango da amarya na musamman kuwa, ka nemi a bar su sai bayan la'asar.

Nasiha ta uku a kan Log ce, wadda ta zama abin yayi. Asalinta daga Kodak ne, a farkon shekarun 1990, lokacin da suka ƙirƙiro tsarin Cineon don shigar da fim ɗin sinima cikin kwamfuta a bit 10, wato matakai 1,024. Hikimar ita ce a ba kowane ninki na haske kusan rabo ɗaya, don a kwashe duk abin da sansa ta gani, wanda kamfanoni ke cewa yakan kai ninki 12 zuwa 15. Yau Sony na da S-Log, Canon na da Canon Log, Panasonic na da V-Log, Apple ma ta sa nata a iPhone 15 Pro a 2023. A S-Log3, toka tana zama a 41, amma farar takarda da Rec. 709 ke kaiwa wajen 95, a nan 61 take tsayawa, an bar sauran saman don rana da sararin sama. In ka aika wannan kai tsaye zuwa allo, farar takardar ba za ta bayar da ko sulusin hasken allon ba. Dalilin da ya sa hoton Log yake fitowa a kwance, ba fari ba baƙi, ke nan. Ba a yi shi don a kalla haka ba. Dole a mayar da shi Rec. 709 a wurin tacewa, da jadawalin mayarwa da ake kira LUT, kuma na kyamarar da ta ɗauka. LUT ɗin S-Log3 a kan hoton Canon ɓarna ce. Wanda abokinka ya turo maka ta WhatsApp, ba ka san don wace lanƙwasa aka yi shi ba, kada ka ɗora shi a kan fuskar amaryar mutane.

Ku kuma sani Log tana da tsada ko da kyauta take a cikin kyamara. In bit 8 kyamararka ke ajiyewa, kamar Sony A7 III da A6400, ka raba matakai 256 ga ninki goma sha wani abu, kowanne ya samu kaɗan. Da ka zo miƙewa sai sararin sama ya yi layi-layi, kumatu su yi dabbare-dabbare. Da daddare kuma ɗigo-ɗigo ke cika inuwa, a inuwar nan kuwa fatarmu take. Ga shi tana tilasta ISO mai yawa, wato ƙarfin jin haske na kyamara, da rana sai da gilashin rage haske. Ga lokacin tacewa da take ci, alhali masu biki gobe suke son kayansu. Saboda haka ga ma'aunina: in filin ya fi ƙarfin lanƙwasar yau da kullum, kamar hawan Sallah a ƙofar fadar Sarkin Lafiya da rana tsaka, ga fararen rawuna ga fuskoki a ƙarƙashinsu, kuma kana da bit 10 da lokacin tacewa, ɗauki Log. In walimar dare ce, ko hira a ɗaki inda kai ke da iko da fitila, tsaya a lanƙwasar yau da kullum ka gyara haskenka.

Akwai kuma HDR, wadda ta shigo wayoyi ba sallama. Tsohon tsari an gina shi a kan allon da farinsa ke bayar da nit 100 a ma'aunin hasken allo. Sababbin alluna sun ninka haka sau da yawa, sai aka yi musu sababbin lanƙwasa biyu: PQ ta kamfanin Dolby a 2014, wadda lissafinta ya kai nit 10,000, da HLG wadda BBC ta Ingila da NHK ta Japan suka haɗa. An tattara su a ƙa'ida ɗaya a 2016. Tun daga iPhone 12 a 2020 wayoyin Apple ke ɗaukar HDR, wasu manyan wayoyin Android ma haka. In ka haɗa irin wannan hoto da na kyamarar Rec. 709 a aiki ɗaya ba tare da ka gaya wa manhaja ba, wani zai ƙone, wani zai kwanta. In ba ka tabbata wayarka da manhajarka da allon mai kallo duk sun san HDR ba, shiga saiti ka kashe ta kafin ka fara ɗauka.

Gani ya kori ji, don haka ga aikin da nake so kowannenku ya yi a wannan mako. Nemo farar takarda, da baƙin ƙyalle, da kwali mai launin toka, da abokai biyu, ɗaya mai haske ɗaya mai duhu. Jera su a inuwa, ka ɗauke su da kowace lanƙwasa da kyamararka ke da ita, kana faɗin sunanta da baki don kada ka rikice. Maimaita a rana. Shigar da su kwamfuta, ka buɗe webfom, ka rubuta a littafi inda takarda ta tsaya, inda ƙyalle ya tsaya, inda kowace fuska ta tsaya. Sannan ka fitar da hoton ka kalle shi a laftof, da talabijin, da ƙaramar waya irin wadda yawancin mutanenmu ke riƙewa, bayan ka tura shi ta WhatsApp, domin matsewar da ake yi wa bidiyo a hanya wuraren duhu take fara cinyewa. Lambobin da ka rubuta sun fi maka duk wanda wani zai faɗa maka daga wata ƙasa, don a kan kyamararka, da ranar garinku, da fatar mutanenka aka auna su. In kun samu hanyar ƙaro karatu, Cibiyar Koyar da Fim ta Ƙasa da Kwalejin Talabijin ta NTA duk suna Jos, ba nisa. Wanda ya je ya dawo ya koya wa na baya.

Ƙannena, wanda ya kira ka ɗaukar bikinsa amana ya ba ka. Ɗaurin aure ba a maimaita shi don mai kyamara ya gyara saiti. Tsohon da ya sa albarka a wurin, mai yiwuwa hotonka ne kaɗai jikokinsa za su san shi da shi, kuma haƙƙinsu ne su ga fuskarsa yadda Allah Ya halicce ta, da launinta, ba a nutsar da ita ba, ba a kuma wanke ta ta koma ta wani ba. Kafin ka tara kuɗin sabuwar kyamara, ka tabbata ka ƙure wadda ke hannunka. Kafin ka danna ɗauka, ka san lanƙwasar da kake kai. Kafin ka miƙa aiki, ka kalle shi a irin allon da mai shi zai kalla. Wanda ya riƙe waɗannan uku, aikinsa ne zai riƙa kirawo masa wani aikin.

Allah Ya yi wa sana'arku albarka, Ya ba ku ilimi mai amfani da haƙurin nemansa, Ya sa ku fi mu. Amin.